Yogot na Tsirrai Wanda Babu Waken Suya: Tambayoyi da Amsoshi

Masu neman yogot ɗin da babu madarar dabba kuma babu waken suya a cikinsa iri-iri ne. Akwai uwar da likita ya ce ta cire wa ɗanta duka biyun, akwai wanda nono ke kumbura wa ciki kuma ƙarnin waken suya ke tayar masa da zuciya, akwai kuma wanda ya daina cin duk abin da ya fito daga jikin dabba. Dalilansu sun bambanta, amma tambayoyinsu kusan ɗaya ne.

Mene ne yogot na tsirrai, kuma yogot ne na gaske?

Ana markaɗa kwakwa, ko aya, ko kashu, ko almon (wata ƙwayar bishiya irin kashu), ko ots (wani hatsi mai kama da alkama), a fitar da farin ruwansu, sannan a zuba ƙwayoyin bakteriya masu amfani a bar shi cikin ɗumi. Ƙwayoyin su cinye sukarin da ke ciki su mayar da shi tsami. Aikin da ke faruwa a ƙwaryar kindirmo ke nan, illa dai ruwan ba daga saniya ya fito ba. Ƙwayoyi biyu ne aka san yogot da su a duniya, Streptococcus thermophilus da Lactobacillus bulgaricus, kuma yawancin kamfanonin da ke yin na tsirrai da su suke aiki, wani lokaci su ƙara wasu.

Batun suna kuwa ya danganta da ƙasa. A shekarar 2017 kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci cewa sunaye irin su madara da cuku da yogot na abin da aka tatsa daga dabba ne kawai, shi ya sa kamfanonin can suke kewaye-kewaye wajen rubuta sunan a jikin roba. A Amurka kuwa za ka ga an rubuta sunan ƙarara.

Me ya sa ake guje wa waken suya, alhali an ce shi ya fi kusa da madara?

Gaskiya ne ya fi kusa. A duk tsirran da ake yin yogot da su, waken suya ne kaɗai furotin ɗinsa ya kamo na madarar shanu, kuma yana daskarewa da kansa idan ya ji tsami, kamar yadda duk mai yin awara ta sani. Wanda ba shi da wata matsala da shi, ba shi da dalilin barinsa.

Dalili mafi ƙarfi shi ne alaji, wato borin da jiki ke yi idan aka ci abin da bai karɓe shi ba. Waken suya na cikin abinci 9 da dokar Amurka ta tilasta a bayyana a jikin kwali saboda yawan masu alajinsu, kuma yana cikin 14 na Tarayyar Turai. Wasu jariran da jikinsu bai karɓi furotin ɗin madarar shanu ba, shi ma waken suyar ba su karɓarsa, shi ya sa likita kan ce a cire su tare. Masu shan maganin levothyroxine saboda raunin ƙwayar maƙogwaro su ma ana ce musu su ba da tazarar awanni tsakanin maganin da abincin waken suya, domin yana rage yawan maganin da hanji ke tsotsa. Wannan tazara ce ake nema, ba haramci ba.

Sai jita-jitar da ake yawo da ita cewa waken suya na rage wa namiji kuzari saboda sinadarin da ke kama da na mata. Binciken da aka yi a kan mutane bai nuna haka ba ga mai cin sa daidai misali. Idan wannan ne kaɗai dalilinka, ci awararka.

Nono na kumbura mini ciki yana sa ni gudawa. Dole ne in bar kindirmo gaba ɗaya?

Ba lallai ba. Abu biyu ne mutane ke haɗawa wuri guda. Na farko shi ne kasa narkar da laktos, wato sukarin da ke cikin madara. Wannan ba cuta ba ce: kusan kashi biyu cikin uku na manyan mutanen duniya haka jikinsu yake, domin sinadarin da ke narkar da laktos yana raguwa bayan yaye. Fulani na cikin al'ummomin da yawancinsu ke riƙe wannan sinadari har tsufa, shi ya sa Bafulatani zai sha ɗanyar madara cike da ƙoƙo ya tashi lafiya, maƙwabcinsa ya sha rabin haka ya kwana zarya. Irin waɗannan mutane da yawa suna iya shan kindirmo ko yogot kaɗan-kaɗan, tunda ƙwayoyin sun riga sun cinye wani ɓangare na laktos ɗin.

Na biyu shi ne alajin furotin ɗin madara: borin jini, kumburin leɓe ko ido, amai, shaƙewar numfashi, ko jini a kashin jariri. Wannan ba a wasa da shi, ko cokali ɗaya na iya tayar da shi. Mai wannan matsala ya karanta da kyau amsar da ke ƙasa kan iri, wato abin da ake zubawa don yogot ya yi tsami, domin a nan ne aka fi yin kuskure.

Da me da me ake yin sa, kuma wanne ya fi?

Na kwakwa na cikin waɗanda suka fi cika kantuna a ƙasashen waje, irin su So Delicious a Amurka da The Coconut Collaborative a Ingila. Yana da maiƙo da santsi a baki, amma ɗanɗanon kwakwar ba ya ɓoyuwa. Na kashu ya fi kowanne kama da kindirmo mai kyau, fari tas, ba ya buƙatar tata domin ƙwayar narkewa take yi idan ta jiƙu, sai dai tsada, duk da cewa Najeriya na noma shi sosai, musamman a Kogi. Na almon sai an shigo da almon ɗin, kuma ruwansa tsararo ne. Na ots, wanda kamfanin Oatly na Suwidin ya yi fice da shi, yana da zaƙi-zaƙi na hatsi, amma a gida yakan yi yauƙi. Wasu kamfanoni suna ƙara furotin ɗin waken fis don cike giɓin da ake magana a kai a amsar furotin.

A ganina, wanda ke zaune inda aya da gyaɗa ke arha bai kamata ya fara da ƙaramar robar da aka ɗauko a jirgi ba. Ya fara da abin da ke kasuwar garinsu.

Aya fa? Ana iya yin yogot da ita?

Ana iyawa, kuma tana da wasu falaloli da sauran ba su da su. Aya ba ƙwayar bishiya ba ce irin kashu, ba kuma dangin wake ba ce irin gyaɗa. Saiwa ce da ke ƙullawa a ƙarƙashin ƙasa, saboda haka yawancin masu alajin waɗancan suna shan ta lafiya. Tana da sukarinta na halitta da ƙwayoyin za su ci, ba sai an ƙara ba. Tana kuma da sitaci. Duk wadda ta taɓa ajiye kunun aya ta ga farin abin da ke kwantawa a gindin roba. Wannan sitacin idan ya ji wuta shi ke kumbura ya ba da kauri. Mai sayar da kunun aya gudun ɗora shi a wuta take yi don kada ya yi kauri, mai yin yogot kuwa abin da take nema ke nan.

Ba mu kaɗai muka san darajarta ba. A Balensiya ta ƙasar Sifaniya akwai abin sha na aya da suke ji da shi, kuma jihar Maraɗi a Nijar na cikin manyan wuraren noman ta a Afirka ta Yamma, har ana fitar da ita waje.

Rauninta biyu ne. Furotin ɗinta kaɗan ne, sannan ruwanta ba ya jimiri, tun ba lokacin zafi ba. Wanda aka yi da safe kan fara sauya ƙamshi kafin la'asar idan babu sanyi. Saboda haka a tsince tsakuwa da ruɓaɓɓu, a wanke ta sosai, a jiƙa busasshiyar ta kwana, a markaɗa da ruwa kaɗan don ta yi kauri, a tace da ƙyalle mai tsabta, a ɗora a wuta nan take. Kada a bar ɗanyen ruwan ya yi tsami da kansa a ce an yi yogot. Wannan lalacewa ce, kuma sau da yawa da warin barasa take zuwa.

Zai ba ni furotin da kalsiyam kamar kindirmo?

A'a, kuma wannan ce amsar da ta fi kowacce muhimmanci a nan. A kowane giram 100, yogot na madarar shanu yana ɗauke da furotin wajen giram 3.5 zuwa 4, na waken suya ma kusan haka. Na kwakwa kuwa yawanci bai kai giram 1 ba. Na almon da kashu da ots galibi suna tsakanin giram 1 da 2. Wato da ka cire madara ka cire waken suya, ka cire furotin ɗin, abin da ya rage yawanci ruwa ne da mai da sitaci. Fari ne, tsami ne, amma ba abinci ɗaya ba ne.

Kalsiyam ma haka. Madarar shanu na da wajen miligiram 120 a kowane mililita 100. Wasu kamfanoni suna ƙara kalsiyam har ya kai wannan adadi, da bitamin D da B12, wasu ba sa ƙara komai, sai ka duba kwali. Na gida ba shi da wannan ƙarin. B12 kuwa ba a samun sa daga tsirrai ta hanyar da za a dogara da ita, don haka wanda ya bar nama da ƙwai da kifi baki ɗaya yana buƙatar ƙwayar maganinsa.

Ana iya rage giɓin. Gyaɗa kusan kashi ɗaya cikin huɗu nata furotin ne, gurjiya ma ba baya ba, don haka haɗa ruwan aya da na gyaɗa ko dafaffiyar gurjiya yana ɗaga shi, muddin ba ka cikin waɗanda aka ambata a amsar alajin gyaɗa. Sauran kuma a nemo shi a kwano: wake, ƙwai, ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu, riɗi, zogale.

Na gwada da ruwan kwakwa, ya yi tsami amma bai yi kauri ba. Ina matsalar?

Babu abin da kika ɓata. Madarar shanu tana da wani furotin mai suna kesin, wanda ke haɗe jikinsa ya daskare da zarar tsami ya kai wani mataki. Shi ke sa kindirmo ya yi barci. Kwakwa ba ta da shi, ko kwana nawa za ta yi sai dai ta ƙara tsami, mai ya taso sama ruwa ya kwanta ƙasa. Dole a taimaka mata da abin kauri. Sitacin rogo ne mafi sauƙin samu, kuma shi kamfanoni da yawa ke sakawa. Garin sitacin masara ma yana yi. Akwai agar, wanda ake samu daga ciyawar teku, yana ba da ƙarfi sosai amma sai ya tafasa kafin ya yi aiki, kuma idan ya yi yawa sai yogot ɗin ya koma abin yankawa da wuƙa. Kashu da aya ba su cika buƙatar wannan taimako da yawa ba.

Wane iri zan zuba? Zan iya ɗiban cokali ɗaya na kindirmo?

Idan laktos ne kawai matsalarki, ƙwarai kuwa. Cokali biyu na yogot marar sukari a lita guda ba su isa su dame ki ba, kuma ƙwayoyinsa za su yi aiki. Amma idan don mai alajin madara ake yi, ba a kusantar kindirmo ko yogot na shanu ko kaɗan, hatta cokalin da ya taɓa su. Sai a nemi garin iri da aka rubuta cewa babu madara babu waken suya a cikinsa, domin ana raino wasu irin a cikin madara ne. Ko a ɗebi cokali biyu daga yogot na tsirrai na kanti wanda aka rubuta yana da rayayyun ƙwayoyi. Wasu suna buɗe kafso na ƙwayoyin gyaran hanji su zuba. Yakan yi, yakan ƙi, ya danganta da irin ƙwayoyin da ke ciki da ko suna raye.

Ƙwayoyin nan sun saba da laktos ne, kuma a tsirrai babu shi. Shi ya sa ake ƙara cokali guda na sukari a ruwan kwakwa ko kashu ko almon. Abincin ƙwayoyin ne, wani ɓangarensa tsami zai koma. Ana iya ajiye ɗan wanda aka yi a matsayin irin na gaba, amma bayan 'yan zagaye ƙarfinsa kan ragu, sai a sabunta.

Yaya ake yi a gida, daga farko har ƙarshe?

A ɗauki lita guda ta ruwan kwakwa mai kauri, wanda aka matse daga gurzajjiyar kwakwa da ruwan ɗumi. A ɗebi kaɗan a dama babban cokali 2 zuwa 3 na sitacin rogo har gudaji su baje, a juye cikin sauran tare da cokali 1 na sukari. A ɗora a wuta marar ƙarfi ana juyawa da maburgi har ya fara tururi sosai ya ɗan yi kauri yana manne wa bayan cokali, wajen digiri 85 ke nan. Wannan dahuwar ce ke kashe ƙwayoyin da ba a gayyata ba. A sauke a rufe, a bar shi ya huce zuwa digiri 40 zuwa 45. Wadda ba ta da ma'aunin zafi ta ɗiga a bayan hannunta: ya zama ɗumi mai daɗi, ba mai sa a janye hannu ba. Idan ya fi haka zafi irin zai mutu, kuma wannan ne ya fi komai ɓata wa masu koyo aiki.

A zuba iri a juya a hankali, a juye a kwalba ko robar da aka ɗauraye da tafasasshen ruwa, a rufe, a sa a cikin kular abinci a lulluɓe da tawul. A bar shi awa 8 zuwa 12 ba tare da buɗe-buɗe ba. Lokacin hunturu yakan nemi ƙarin awanni, lokacin bazara kuwa a Kano ko Zinder ɗakin kansa ya kusa isa. Idan ya yi tsami mai daɗi sai firij, a can ne kaurinsa ke cika.

Na kashu: gwangwani 1 na kashu marar gishiri da ba a soya ba, a jiƙa a ruwan zafi, a markaɗa da gwangwani 2 na ruwa har ya yi laushi luƙui, sauran aikin duk ɗaya ne. Na aya kuwa a rage sitacin ko a bar shi gaba ɗaya, saboda dalilin da aka faɗa a amsar aya.

Kwana nawa yake yi, kuma ta yaya zan gane ya lalace?

A firij mai sanyi da ba a ɗauke masa wuta, na gida kan kai kwana 5 zuwa mako guda. Inda wuta ke zuwa tana tafiya, a yi ɗan kaɗan da za a shanye a rana ɗaya ko biyu. Ruwa ya taso sama ba lalacewa ba ce, a juya kawai. Amma funfuna, ko launin ruwan hoda ko ɗorawa, ko kumfa da kumburin murfi, ko wari, ko yauƙin da bai fara da shi ba, duk na zubarwa ne, ba a kwashe saman a sha ƙasan.

Abin da ya fi hatsari shi ne wanda ya kwana cikin ɗumi bai yi tsami ba, domin tsamin ne katangar da ke hana miyagun ƙwayoyi yaɗuwa. A tsibirin Jaba na Indunusiya an yi ta rasa rayuka saboda wani abinci da ake yi da tukar kwakwa da aka bari ta kwana, inda wata ƙwaya ke fitar da gubar da dahuwa ba ta kashe ta, har hukuma ta hana yin sa a 1988. Wancan ba yogot ba ne, amma darasin ya shafi duk mai ajiye kwakwa a ɗumi: sabuwar kwakwa, dahuwa, iri mai rai, kuma in bai yi tsami ba a zubar.

Idan na kanti zan saya, me zan duba a jikin roba?

Jerin kayan haɗin da ke baya, ba hoton gaba ba. Wasu kamfanoni, irin su Alpro na Beljiyam, suna da yogot na waken suya mai ɗanɗanon kwakwa ko almon, hoton kwakwa a gaba, waken suya a sahun farko na kayan haɗi. A nemi kalmar soy ko soya, da soja a kayan Faransa da ke shigowa Nijar. Lesitin, wani sinadari da ake ƙarawa a kayan haɗi, mai lamba E322, sau da yawa daga waken suya ake samo shi. Yawancin masu alaji ba ya damun su, amma likita ne zai yanke wannan. A duba gargaɗin cewa an sarrafa shi a injin da ake sarrafa madara. A duba sukari, domin masu ɗanɗanon 'ya'yan itace sukan sha shi da yawa. A Najeriya kuma a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Mai damuwa da halal ya samu sauƙi ta wani gefe: jelatin da ake sa wa wasu yogot na madara, wanda kan fito daga fatar alade ko ƙashin dabbar da ba a san yankanta ba, ba ya shiga wanda aka yi da tsirrai zalla.

Zan iya ba jaririna?

Kafin wata 6, nonon uwa kaɗai, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara. Bayan nan ana iya ba shi ɗan cokali a matsayin abinci cikin sauran abinci, marar sukari, kuma ba tare da zuma ba sai ya cika shekara 1. Amma ko kusa ba ya maye gurbin nono ko madarar jarirai. Jaririn da ke da alajin madara da waken suya akwai madarar musamman da likita ke rubuta masa. Kunun aya ko ruwan kwakwa a bulumboti hanyar tamowa ce, saboda abin da aka bayyana a amsar furotin. Abin sha na shinkafa kuma hukumar lafiya ta Birtaniya ta ce kada a ba yaron da bai kai shekara 5 ba, saboda sinadarin arsenik mai guba da ake samu a shinkafa.

Ina da alajin gyaɗa. Wanne ne ba zai taɓa ni ba?

Aya, kwakwa da ots ne suka fi nisa da ita. Kashu da almon ba dangin gyaɗa ba ne, amma ana samun masu alajin duka, kuma alajin kashu kan zo da tsanani, don haka a gwada a asibiti tukuna. A 2025 hukumar abinci ta Amurka ta cire kwakwa daga jerin ƙwayoyin bishiya da ake gargaɗi a kansu, duk da akwai tsirarun da ita ma ba ta karɓe su. Wanda alkama ke cutar da hanjinsa ya nemi ots da aka tabbatar bai gauraya da ita ba. Sai injin markaɗe na unguwa: wanda ya gama niƙa waken awara ko gyaɗa ya karɓi ayarki, ya riga ya haɗa su. Mai alaji ta yi amfani da bilendar gida.

Wanda ke iya cin gyaɗa kuma zai sa ta a yogot, ya tsince masu funfuna da masu ɗaci da waɗanda suka motse, domin gubar aflatoksin a jikinsu take kuma tafasa ba ta kawar da ita.

Yana shiga fura? Mai ciwon sukari ko hawan kitse a jini fa?

Yana shiga. Na kashu ne ya fi dacewa da fura, na aya na biye da shi duk da zaƙinsa, na kwakwa kuwa yakan danne ƙamshin citta da kanumfari. Idan tsamin bai kai yadda kake so ba, ɗan jiƙaƙƙen garin 'ya'yan kuka yana ƙara tsami da kauri, dabarar da masu nono suka daɗe da sani.

Mai ciwon sukari ya lura cewa na ots da na aya da duk wanda aka cika wa sitaci suna iya ɗaga sukarin jini fiye da kindirmo marar sukari, musamman in an haɗa da fura. Na kashu ko almon marar zaƙi ya fi masa. Wanda likita ya ce ya rage kitse kuma ya yi hattara da na kwakwa, domin fiye da kashi 80 cikin 100 na man kwakwa kitse ne mai daskarewa, ya ma zarce man shanu ta wannan fuska. Ƙaramin kofi a matsayin marmari ba laifi, amma ba abin sha safe da yamma ba ne.